Saƙon da Ya Faɗi Sunana

Litinin, 10 ga Yuli, bayan La'asar

Yau na koma aiki. Tun makon jiya na fita takaba, amma ƙafata ta ƙi ɗaukata sai yau. Fararen kayan aikina sun yi mini yawa, sai da na kama siket ɗin da fil. Daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni ina cikin adaidaita ina kallon titi kamar baƙuwa. An sake wa shaguna fenti, an sare darbejiyar nan ta bakin kwana, kuma ba wanda ya yi shawara da ni.

A asibiti kowa ya yi mini ya haƙuri da murya ƙasa-ƙasa. Ɗakin gaggawa yana nan yadda yake. Kujerar maigidana ma tana nan, wani sabon nas ne a kai yana cin gurasa. Ban ji haushinsa ba. To, na ɗan ji.

Sista Zulaihat, ƙawata tun muna makarantar koyon jinya, ta ja ni gefe ta ce, "Kina gida aka zo mana da sabon salo. Likita ya ɗauko lauya. Wai gurup ɗinmu na wasap ya saɓa doka, ƙarshen wata za a goge shi ƙurmus, a koma wata manhaja ta asibiti."

Na ce to. Sai da na dawo gida ina cire takalmi maganar ta iso kunnena.

Talata, 11 ga Yuli, bayan sallar Asuba

Bari in rubuta, ko zuciyata ta sauka.

Sunana Halima, sunan mahaifiyarsa Halima. Don haka tun ranar da ya fara tsayuwa a ƙofar gidanmu bai taɓa kama sunana ba. Mai Sunan Inna yake ce mini, in yana sauri Mai Suna. A wurin aiki ma haka, har likitoci suka ɗauka. Ni ma ban taɓa kama nasa ba, Ɗan Inna nake cewa. Haka muka yi ta zama, mutum biyu a gida ɗaya, kowa na ɓoye sunan ɗan uwansa kamar kayan sata.

Sau ɗaya rak bakinsa ya suɓuce. Daminar bara ce, ina can ɗakin magani, aka shigo da wata yarinya ranga-ranga, ta sha fiya-fiya, maganin sauron nan mai guba. Hannunsa ɗaya na riƙe da kanta, babu halin rubutu, sai ya danna saƙon murya a gurup ɗin aiki:

"Halima! Halima, kina ina? Ki zo ɗakin gaggawa yanzu-yanzu. Nafisa Inuwa ce, 'yar Darmanawa, fiya-fiya ta sha. A ciro katinta. Halima, yi sauri!"

Yarinyar ta tashi, alhamdulillahi. Da muka koma gida na ce, yau wani ya kama sunan uwarsa. Ya ce shi? Ƙarya nake masa. Na kunna masa. Ya ja hula ya rufe fuska yana dariya yana cewa, "Don girman Allah kada Inna ta ji."

Shi mutum ne mai kiran waya, ya ce saƙon murya na malalata ne. Tun ranar da aka kawo mini takalmansa a leda na bincike wayata kaf, na bincike ta ƙannensa. Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai a wannan saƙon. Shi ne za a goge ƙarshen wata.

Laraba, 12 ga Yuli, bayan Azahar

An tara mu da lauyan. Barista Shamsuddeen, dogo, mai tabarau da ƙamshin turare, yana magana kamar wanda ke karanta labarai a rediyo. Tun kafin ya buɗe baki na yanke masa hukunci.

Ya haska gurup ɗinmu a bango. Ban taɓa ganinsa da girma haka ba. Ga hoton ƙafar wani bawan Allah mai ciwon suga, ƙarƙashinsa katin bikin ƙanwar Zulaihat, sai sakamakon gwajin jinin wata matar aure da cikakken sunanta, sai Juma'at Mubarak da furanni. Ya ce a duba waɗanda ke ciki. Har da direban da ya bar aiki bara waccan, da wata lamba da ba wanda ya san mai ita.

Ya ce, "Yanzu ba zamanin soja ba ne da za a yi wa mutum yadda aka ga dama ya haɗiye. Akwai dokar kare bayanan mutane. Mai tallan goro ma in ya ga dama sai ya maka ku a kotu, kuma ya yi nasara."

Wani ya ce ai mu taimako muke yi. Ya ce ya sani, amma mara lafiya likita ya buɗe wa cikinsa, bai buɗe wa direba ba.

Sabuwar manhajar duk saƙon da ka tura sai ya fita da jela a ƙasa. Ya fassara mana: "Wannan saƙo na wanda aka aika wa ne kaɗai. Idan ya faɗo hannunka bisa kuskure, ka goge shi, ka sanar da wanda ya aiko." Aka yi ta dariya, Zulaihat ta ce jelar ta fi saƙon tsawo. Ni ban yi ba. Ni aka aika wa nawa, har sau uku aka kira ni a ciki.

Alhamis, 13 ga Yuli, da hantsi

Na saurari saƙon kafin in fita. Na saurara a adaidaita da abin kunne, har mai adaidaitar ya wuce da ni.

Asabar, 15 ga Yuli, da yamma

Ruwa tun safe, ba aiki. Na kwanta bayan Azahar na yi mafarki wai barandar asibitinmu ta zama kogi, gadajen marasa lafiya na yawo a kai kamar kwale-kwale, ba wanda ya damu. Ɗan Inna yana tsaye a can ƙarshe da farar rigarsa, ruwa bai taɓa shi ba. Ya buɗe baki zai kira ni, sai muryar Barista ta fito: idan ya faɗo hannunka bisa kuskure. Na farka ina jin haushin lauyan kamar da gangan ya shigo mini mafarki.

Rufin kicin yana yoyo. Ɗan Inna ne ya ce zai gyara kafin damina.

Litinin, 17 ga Yuli, bayan La'asar

Na sami Barista a ofis shi kaɗai. Na shirya masa faɗa tun daga gida, na zo na tarar da mutum yana cin ɗanwake a leda, ya miƙe yana ce mini Hajiya bismillah. Faɗan ya bi iska. Na gaya masa komai, ban kunna masa ba, shi ma bai nema ba.

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Sannan ya ce, "Hajiya, Allah ya jiƙansa. Muryar tasa ce, sunan naki ne, amma ciwon na yarinyar ne. Ba ni da ikon ba ki, likita ma ba shi da shi. Ita kaɗai ke da shi."

Na ce a yanke mini farkon mana, inda sunana yake, yaran kasuwar Fam Santa masu gyaran waya ba abin da ba sa iyawa. Ya ce kafin su yanke ai sai sun saurara. Abin da ban gaya masa ba, na riga na gwada da kaina. Ba ya yankuwa. A ƙarƙashin muryarsa, tun daga Halima ta farko, uwar yarinyar tana ta kururuwa, Nafisa, Nafisa, me kika sha. Sunayenmu sun kitse da juna.

Ya ce in ina so zai kira ta da layin asibiti ya ji ko za ta yarda in je. Ni kada in buɗe katinta, don wannan buƙatar kaina ce, ba ta jinya ba. Raina ya sosu, amma gaskiya ya faɗa.

Talata, 18 ga Yuli, lokacin cin abinci

Zulaihat ta ce ni dai akwai wahalar da kai. "Ki tura shi wata wayar ki yi shiru, wa zai sani? Lauyan zai bi ki Gyadi-Gyadi ne ya ɗaga katifarki?" Na ce zan duba. Wallahi maganarta ta yi mini daɗi kamar ruwan randa.

Alhamis, 20 ga Yuli, bayan Magariba

Ba na son rubuta abin da na yi yau.

Juma'a, 21 ga Yuli, da safe

Zan rubuta.

Jiya Inna ta zo mini da kunun tsamiya. Tunda abin ya faru ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Muna zaune a tabarma tana ɓare gyaɗa, sai ta ce, "Takwara, kin san abin da ke damuna? Fuskarsa tana nan, amma muryarsa ta fara ɓace mini. In na nema sai in ji ta ubansa."

Ban san lokacin da hannuna ya ɗauko wayar ba. Shi da ya ce kada Inna ta ji.

Da ta ji Halima ta farko sai ta zabura ta ce na'am. Wallahi na'am ta ce. Sannan ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa, tana dariya tana kuka. "Ja'iri! Ashe ya iya faɗa. Na haife shi na raine shi, yau na fara jin sunana a bakinsa." Muka rungume juna. Na daɗe ban ji sanyi a raina irin na lokacin ba.

Ta share ido, ta ɗauki gyaɗarta, sai ta ce, "Oh ni, fiya-fiya! Wace Nafisar ce? Ba 'yar Inuwa mai gyaran janareta ba, ta Darmanawa, wadda aka yi bikinta bayan Ƙaramar Salla? Ai ce mana aka yi taifot ta yi."

Na ce a'a Inna, wani Inuwan ne, baƙi ne daga ƙauye. Ta kalle ni ta ce uhm. Inna ba muguwa ba ce, amma ba gidan suna ko na biki da ba ta zuwa daga nan har Unguwar Gano, kuma magana zarar bunu ce.

Ba direba ne ya fitar ba, ba mai lambar da ba a sani ba. Ni ce, a kan tabarmata.

Lahadi, 23 ga Yuli, da hantsi

Ban saurara ba yau. Na dai riƙe wayar.

Talata, 25 ga Yuli, bayan La'asar

Nafisa ta yarda in zo. Barista ya ba ni takardar amincewa, ya ja layi a ƙarƙashin wurin da aka ce ba tare da tilas ba.

Gidan mijinta a Unguwar Gano yake, ɗaki da falo, keken ɗinki a bakin taga. Ta yi ƙiba, ta yi haske, ga ciki ya fito. Ƙanwar mijin na tsakar gida tana wanki. Nafisa ta ce mata, "Antina ce ta kawo ɗinki," ta saki labule, ta ƙure rediyo, sannan ta zauna kusa da ni har gwiwarmu na haɗuwa.

Na yi mata bayani. Tana ji tana murza bakin zanenta.

"Anti, har da sunana a ciki?"

"Har da shi."

"Da abin da na sha?"

Na gyaɗa kai.

"Mutum nawa ne a gurup ɗin?"

Na ce da dama, amma ranar Litinin za a goge na kowa. Nawa kaɗai nake roƙo.

Ta kalli labulen. Ta ce maigidanta bai sani ba, danginsa ba su sani ba, daga ita sai iyayenta sai mu. Ta ce wani lokaci ne da duniya ta yi mata duhu, ya wuce, ba ta son ko tuna warin abin. Ban tambaye ta dalili ba, ba hurumina ba ne.

Sai ta miƙo hannu ta karɓi biro. "Anti, mijinki ne ya riƙe kaina ranar nan. Ina jin sa yana cewa, ba yau ba, 'yar nan, ba yau ba. In na hana ki muryarsa da wane ido zan kalle ki?" Ta sa hannu. Ta danna biron har ya huda takardar.

Ta rako ni soro. Na kai bakin ƙofa ta ce, "Anti, wayar taki tana da makulli ko?" Na ce e. Na ɗan taka ta sake cewa, "Yara ba sa wasa da ita?" Na ce ba sa yi. Har na kai bakin layi ta biyo ni da gudu-gudu, da cikinta, ba ko takalmi. "Anti, in ta lalace don Allah kada ki kai gyara."

Laraba, 26 ga Yuli, da safe

Barista ya duba ya ce ta cika ƙa'ida, saƙon ya zama nawa. Ya ga hujin biron, ya kalle ni. Zulaihat ta rangaɗa guɗa a ɗakin magani har likita ya leƙo.

Na samu abin da nake so. Na rasa inda daɗin ya shiga.

Alhamis, 27 ga Yuli, bayan Azahar

Mafarki kuma. Wai ina ɗauke da tulu a ka ina ratsa kasuwar Tarauni, an ce kada ko ɗigo ya zuba. Nafisa na bina a baya ba takalmi, tulun kawai take kallo. Duk wanda ya gifta sai ta runtse ido. Na yi ta neman Ɗan Inna ya sauke mini, aka ce ya tafi sallah.

Juma'a, 28 ga Yuli, da yamma

Na san kara in na gan ta, ni ma da ita aka raine ni. Yarinyar nan ba yarda ta yi ba, kunya ta ji. Da na roƙi zoben aurenta ma ranar nan ba ni za ta yi.

Ina ta lissafin shekarun da ke gabanta. Duk sanda ta ji an sace waya a adaidaita sai gabanta ya faɗi. In ta gan ni a gidan biki sai cikinta ya ɗuri ruwa. Ɗanta zai girma, ita tana nan tana tunanin wata mata a Gyadi-Gyadi da makullin wayarta. Kuma ba ta ma san na riga na kunna wa Inna ba.

Shi ya ce mata ba yau ba. Ni kuma na ɗauki ranar nan na adana mata ita a jaka.

Amma ya Rabbi, muryar nan ita kaɗai ce gare ni.

Asabar, 29 ga Yuli, da hantsi

Na saurara. Na saurara. Na saurara.

Lahadi, 30 ga Yuli, bayan La'asar

Na koma Unguwar Gano da yadi a leda, don ƙanwar mijin ta ga ɗinki da gaske. A hanya na sa abin kunne na ji shi daga Kasuwar Tarauni har bakin layinsu. Na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, Halima ta ƙarshe a hankali ya faɗe ta, kamar ya gane abin da bakinsa ke yi kuma bai fasa ba.

Nafisa ta gan ni fuskarta ta sauya, ta zaci wani abu ya faru. Na ba ta takardarta na ce ta yaga. Na buɗe wayar, na nuna mata saƙon, na ce ta goge da hannunta.

"Anti, ai na yafe miki."

"Na sani. Goge."

"Ke fa?"

"Ni na haddace."

Sannan ta danna. Wayar ta tambaya ko an tabbata, kamar da ni take. Ta sake dannawa.

Ban san kafaɗun mutum na iya sauka haka ba. Ta kifa kai a cinyata ta yi kuka mara sauti, rediyo na ta tallan maganin gargajiya. Da ta ɗago ta ce yunwa take ji, ta ɗauko mana ɗumamen shinkafa muka ci da hannu. Ta auna ni da tef ta ce na rame, rigar za ta bar mata wuri ko zan ciko.

Na taho a ƙasa har gida. Hadari ya haɗo bai zuba ba.

Litinin, 31 ga Yuli, bayan Azahar

An goge gurup ɗin, kowa a gaban Barista. Da layi ya zo kaina na miƙa masa wayar ya ga babu. Ya cire tabarau. Na ce kada ya soma goge shi, akwai mutane a bayana.

Saƙon farko da ya shigo mini a sabuwar manhajar na Zulaihat ne, wai gado na biyu na buƙatar ƙarin ruwa. Babu suna, sai lambar kati, sai jelar nan a ƙasa.

Laraba, 2 ga Agusta, bayan La'asar

Inna ta zo. Ta zauna, ta sha ruwa, ta yi ta kewaye-kewaye da zancen tsadar gero, sannan ta ce, "Takwara, ɗan kunna mini ja'irin nan."

Na ce babu, Inna, an goge.

Ta ajiye kofin. Na jira faɗa, na shirya masa. Ta daɗe tana juya zoben nan nata.

"Saboda yarinyar can ko?"

Na ce e.

Ta ce, "Ni ban ji sunan kowa ba sai nawa. Kunnena ya tsufa. Kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ta gyara mayafi. Can ta ce, "Dama ya ce miki kada in ji, ko?" Na ce ya aka yi ta sani. Ta ce ita ta haife shi.

Na raka ta ta hau adaidaita. Da na dawo ruwa ya sauko, kicin na ɗiga a cikin roba. Na tsaya a tsakar ɗaki, wayar na can kan gado a kife. Na tuna shi sau uku ya kama nawa, ni ko sau ɗaya ban rama ba. Na duba ƙofa, na duba taga, kamar wata amarya. Sannan na faɗa da ƙarfi yadda zai ji.

Mansur.

Ba wanda ya naɗa a waya. Da ya ji, hula zai ja ya rufe fuska.